Dandamali da Gadon Sarauta: Wasan Kwaikwayo, Yaƙin Ailan da Tawayen Essex a Ingila, 1599–1601

Tsakure

Wannan maƙala ta waiwayi shekaru biyu masu zafi a ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabat ta Ɗaya, daga fitar Robert Devereux, mai riƙe da sarautar Essex, yaƙi a Ailan a watan Maris na 1599 zuwa sare kansa a watan Fabrairu na 1601. An ɗora nazarin a kan wasanni biyu na Shekisfiya, wato Sarki Henry na Biyar da Sarki Richard na Biyu, tare da littafin tarihi na John Hayward da bayanan da hukuma ta tattara bayan tawayen. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, dandamalin Landan ya zama wurin da talaka da basarake ke auna sarauta ta hanyar labarin sarakunan da suka shuɗe, kuma ya samu wannan dama ne saboda yana ba kowane ɓangare bakin magana. Magoya bayan Essex sun so ya zama gangar yaƙinsu, bai amsa ba. Hukuma kuwa ta nemi laifin a wurin wanda ya biya kuɗin wasan, da lokacin da ya zaɓa, da niyyar da ke zuciyarsa.

1.0 Gabatarwa

Ranar Asabar, 7 ga Fabrairu 1601, wasu manyan mutane daga cikin mabiyan Robert Devereux, mai riƙe da sarautar Essex, suka gama cin abincin rana, suka haye Kogin Tems zuwa gidan wasa na Globe. Kwana ɗaya ko biyu kafin nan, Charles Percy da wasu abokansa sun sami 'yan wasan, sun roƙe su da su nuna wasan tsige Sarki Richard na Biyu da kashe shi. 'Yan wasan suka nuna cewa wasan ya tsufa, an daɗe ba a yi shi ba, ba zai tara jama'a ba. Aka yi musu alkawarin ƙarin sule arba'in, wato fam biyu, a kan abin da suka saba samu, suka amince. Washegari Lahadi Essex ya fito da mutanensa cikin birnin Landan da takubba. Kafin wayewar garin Litinin yana hannun hukuma.

Masana sun daɗe suna komawa ga wannan Asabar, domin a nan ne adabi da siyasa suka haɗu ido da ido, kuma akwai takardun shari'a da ke shaida haɗuwar. Tambayoyin da wannan maƙala ta sa a gaba uku ne. Me ya sa labarin sarkin da ya mutu shekaru 200 da suka wuce ya zama abin tsoro a 1601? Wane irin aiki dandamali ke yi wa jama'ar Landan a lokacin yaƙi? Me kuma ya sa aka rataye mutum a kan wannan wasa, aka kulle marubucin tarihi a kan labarin guda, amma 'yan wasan suka koma bakin aikinsu lafiya? Hanyar da aka bi ita ce karanta wasannin tare da ranakun da aka nuna su, da dokokin da suka kewaye su, da kuma bambancin da ke tsakanin bugunsu na farko da na baya.

2.0 Ingila a Ƙarshen Mulkin Elizabat

A 1599 Sarauniya Elizabat ta shekara 41 a kan karaga. Ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba, ta kuma ƙi ambata magaji. Tun 1571 doka ta hana a rubuta ko a buga cewa wane ne zai gaje ta. Kowa ya san tsufa ya kama ta, kowa yana lissafi a zuci, amma baki ya mutu. Mai ƙarfin hujja a cikin masu jiran gado shi ne Sarki James na Sikotilan. Wasu 'yan Katolika kuwa suna kallon 'yar Sarkin Sifaniya. Wani limamin Katolika, Robert Persons, ya buga littafi a ƙetare da sunan aro, mai ɗauke da shekarar 1594, inda ya kawo tsige Richard na Biyu a matsayin hujjar cewa al'umma na iya sauke sarkinta. Ya kuma sadaukar da littafin ga Essex, abin da ya jefa Essex cikin tsaka mai wuya.

Ga kuma yaƙi da ya ƙi ƙarewa. Nasarar da aka samu a kan jiragen ruwan Sifaniya a 1588 ba ta kawo zaman lafiya ba. Ingila ta ci gaba da tura sojoji Holan da Faransa, ana ta ƙara haraji. Daga 1594 zuwa 1597 amfanin gona ya lalace a jere, hatsi ya yi tsada, yunwa ta shiga ƙauyuka. A Ailan, Hugh O'Neill, mai sarautar Tyrone, ya haɗa kan sarakunan arewacin tsibirin. Ranar 14 ga Agusta 1598 ya ragargaza rundunar Ingila a Yellow Ford, aka kashe kwamandanta Henry Bagenal. A watan Oktoba bore ya bazu zuwa kudu, aka ƙone gidan mawaƙi Edmund Spenser a Kilcolman, shi kuwa ɗaya ne daga cikin Ingilishin da aka ba ƙasar mutanen Ailan. Ya gudo Landan, ya mutu a watan Janairu na 1599.

A fada kuma an rabu biyu. Tsohon wazirin sarauniya, Burghley, ya rasu a watan Agusta na 1598, ɗansa Robert Cecil ya riƙe ragamar ofis da alƙalami. A ɗaya gefen ga Essex, matashi mai farin jini, gwarzon harin Kadiz na 1596, wanda matasan sojoji ke bi, kuma wanda jininsa ya tuƙe ga Sarki Edward na Uku. Shi yana son a ci gaba da yaƙi da Sifaniya, ɓangaren Cecil na karkata ga sulhu.

3.0 Dandamali da Dokokin da Suka Kewaye Shi

Gidan wasa na dindindin sabon abu ne a wannan zamani. James Burbage ya gina nasa a Shoreditch a 1576. A watan Disamba na 1598, sakamakon rikici da mai fili, 'ya'yansa da abokan sana'arsu suka kwance katakan ginin, daga baya suka kafa Globe da su a Southwark, kudu da kogi, inda hannun magajin garin Landan bai kai ba. Shekisfiya na cikin masu hannun jari. An ƙiyasta cewa gidan na ɗaukar mutum kusan 3,000, a birnin da mazaunansa suka kai kimanin 200,000. Da kwabo ɗaya mutum zai shiga ya tsaya a fili gaban dandamali, mai ƙarin kwabo ya sami wurin zama. Ana wasa da rana tsaka, cikin hasken da kowa ke ganin kowa. Ɗan koyon sana'a da ɗalibin lauya da matar ɗan kasuwa da sojan da ya dawo daga fagen fama, duk kunnensu na jin magana ɗaya a lokaci ɗaya. Ban da coci, babu wani wuri a ƙasar da ke tara irin wannan gamin gambiza a kai a kai.

Hukuma ba ta yi barci a kan wannan ba. Sanarwar sarauniya ta 1559 ta hana wasannin da suka taɓa addini ko sha'anin mulki. Dokar 1572 ta sa duk ɗan wasan da ba shi da ubangida cikin manyan sarakai a layin 'yan gararamba, waɗanda ake yi wa bulala. Shi ya sa ƙungiyar su Shekisfiya, tun kafa ta a 1594, take ɗauke da sunan Sarkin Fadar Sarauniya. Daga 1581 aka ba Edmund Tilney, Mai Kula da Wasannin Fada, ikon karanta kowane wasa kafin a nuna shi. Wanda ya ƙetare iyaka ya ɗanɗana: a 1597 an kulle Ben Jonson saboda wani wasan zambo da ya haɗa hannu da Thomas Nashe wajen rubutawa.

To, ta ina marubuci zai bi? Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce tarihi. Kundin tarihin Holinshed, bugun 1587, yana hannun jama'a, cike da sarakunan da aka tsige da 'yan'uwan da suka yi yaƙi a kan gado. Ba a hana ba da labarin matattu ba. Mai wasa zai hau dandamali da kambin sarkin da ya shekara 200 a kabari, mai kallo kuma ya koma gida yana tunanin sarauniyar da ke raye.

4.0 Shekarar 1599: Yaƙin Ailan da Sarki Henry na Biyar

Ranar 27 ga Maris 1599 Essex ya bar Landan a matsayin wakilin sarauniya a Ailan, aka ba shi dakaru 16,000 da mahaya 1,300. Jama'a suka cika tituna suna yi masa addu'a. Waɗanda suka shaida ranar sun rubuta cewa bai yi nisa da birni ba hadari ya haɗu, aka kece da tsawa da ƙanƙara, wasu suka ɗauke shi mugun alama. A cikin waɗannan watanni ne Shekisfiya ya rubuta Sarki Henry na Biyar, labarin sarkin da ya ci Faransawa a Agincourt ranar 25 ga Oktoba 1415.

A farkon kashi na biyar, mai sharar fage ya yi abin da Shekisfiya bai saba yi ba: ya fito fili ya taɓa labarin ranar. Yana siffanta yadda Landan ta tarbi Henry, sai ya kwatanta da yadda za a tarbi janar ɗin sarauniya idan ya dawo daga Ailan da nasara. Wasu masana na ganin Mountjoy ake nufi, wanda ya gaji Essex a Ailan, amma mafi rinjaye sun tafi a kan Essex ne. Abin lura shi ne yadda aka auna yabon. An ɗora shi a kan sharaɗi da fata, an kuma ƙara da cewa Henry ya fi cancantar tarba. A daidai wurin an kawo misalin Kaisar yana shiga Rum, kuma duk mai ilmi a cikin masu kallo ya san abin da ya biyo bayan shigar janar mai farin jini birni da talakawa a bayansa.

Wannan awo ya ratsa wasan gaba ɗaya. Akwai jawaban ƙarfafa zuciya da har yau ake koyar da su a makarantu. Amma fitowar farko ta nuna manyan limaman coci biyu suna shawarar yadda za su tsira da dukiyar coci daga wani ƙudurin majalisa, ta hanyar ba sarki kuɗin yaƙi da Faransa. A ƙofar Harfleur sarkin da ake yabo ya yi wa mutanen gari barazanar fyaɗe da kisan jarirai idan ba su miƙa wuya ba. Ya amince a rataye tsohon abokin shashancinsa Bardolph saboda sata a coci. A tsakiyar yaƙi ya ba da umarnin a kashe fursunoni.

Fitowar da ta fi nauyi ita ce ta daren jajibirin yaƙi. Sarki ya ari alkyabba, ya ɓad da kama, ya shiga cikin sojoji. Ya tarar da uku, Bates da Court da Williams, suna jiran asuba cikin sanyi, ba sa sa ran ganin faɗuwar rana. Williams, bai san da wa yake magana ba, ya ce idan dalilin yaƙin ba na gaskiya ba ne, to sarki ne zai amsa tambaya ranar hisabi, a kan gaɓoɓin da aka datse da matan da aka bari cikin talauci da 'ya'yan da aka mayar marayu. Sarki ya mayar da doguwar amsa a kan cewa kowa ran kansa ke wuyansa, amma bai taɓa ainihin tambayar ba, wato ko yaƙin na bisa gaskiya. A tuna su wa ke tsaye a filin kwabo ɗaya. Mutane ne da ake ɗibar 'yan'uwansu da ƙarfi ana tura su Ailan, inda zazzaɓi da gudawa ke kashe soja kamar yadda takobi ke yi. Sun riga sun ga Falstaff a wasan Sarki Henry na Huɗu yana karɓar toshiya ya saki ƙarfafa, ya kwashi raunana zuwa yaƙi. Sun san wannan a unguwanninsu. Daga ƙarshe mai sharar fage ya rufe wasan da tunatarwa cewa duk abin da Henry ya ci, a zamanin ɗansa aka rasa shi, Ingila kuma ta zubar da jinin kanta.

Abin da ya faru a Ailan ya gaskata wannan taka tsantsan. Essex ya ɓata bazara a kudancin tsibirin, rundunarsa ta zaizaye, ya yi ta naɗa mabiyansa sarautar barade ba da son sarauniya ba. Ranar 7 ga Satumba ya gana da Tyrone su biyu kaɗai a mashigin wani kogi, suka tsagaita wuta. Ranar 28 ga Satumba ya iso fadar Nonsuch ba da izini ba, da taɓo a fuska da tufafi, ya kutsa har ɗakin sarauniya da safe, ya same ta ba ta kintsa ba, gashinta a warwatse. Ta karɓe shi da lalama har ta tabbatar bai zo da runduna ba, sannan ta sa aka tsare shi. Da aka buga wasan Sarki Henry na Biyar a 1600, babu jawaban mai sharar fage ko ɗaya, babu fitowar limaman, babu kyaftin ɗin Ailan mai suna Macmorris. Sai a babban kundin wasannin Shekisfiya na 1623 suka bayyana.

5.0 Richard na Biyu: Tarihin da Ya Zama Haɗari

An rubuta Sarki Richard na Biyu wajen 1595, aka buga shi a 1597, aka sake bugawa sau biyu a 1598. Labarin sarki ne marar ɗa, wanda 'yan fada suka kewaye, wanda ya matsa wa jama'a da haraji, ya ƙwace gadon ɗan baffansa Henry Bolingbroke don ya biya kuɗin yaƙin Ailan, ya tafi can, ya dawo a 1399 ya tarar ƙasa ta juya masa baya. Rashin magaji, 'yan fada, haraji, Ailan: ba a buƙatar malamin duba kafin a ga kamannin. A duk bugun da aka yi a zamanin Elizabat babu fitowar da Richard ke miƙa kambi da hannunsa, ya nemi madubi ya dubi fuskarsa, ya fyaɗa shi da ƙasa. Ba ta shiga ɗab'i ba sai 1608, shekara biyar bayan rasuwar sarauniya.

Duk da haka, wanda ya zauna ya kalli wasan daga farko har ƙarshe ba zai fita da fatawar tsige sarki a aljihu ba. Rabin farko ya tara wa Richard laifuffuka, har baffansa John na Gaunt ya tsine wa irin mulkinsa a kan gadon mutuwa. Amma da zarar Richard ya faɗi sai tausayi ya koma gare shi, mafi daɗin baitoci kuma a bakinsa suke. Bishop na Carlisle ya miƙe a gaban majalisa ya yi gargaɗin cewa jinin Ingilishi zai zama takin ƙasa saboda wannan aiki, masu kallo kuma sun san gargaɗin ya tabbata, domin sun riga sun kalli yaƙin basasar a wasannin Henry na Shida. Bolingbroke ya ƙare da kambi a kai da gawa a gabansa, yana alwashin tafiya Ƙasa Mai Tsarki don wanke hannunsa.

A watan Fabrairu na 1599 wani lauya, John Hayward, ya fitar da littafin tarihi a kan wannan labari, ya sadaukar da shi ga Essex da kalaman Latin masu kambama shi da abin da ake sa rai zai zama. Littafin ya yi kasuwa. Babban Bishop na Kantabari, John Whitgift, ya sa aka cire shafin sadaukarwar. Daga baya aka ƙone bugu na biyu. A watan Yuni Whitgift da Bishop na Landan, Richard Bancroft, suka ba da umarnin ƙona littattafan zambo, suka kuma hana buga tarihin Ingila sai da yardar majalisar mashawartan sarauniya. Francis Bacon ya ruwaito cewa sarauniya ta tambaye shi ko akwai cin amanar ƙasa a littafin, ya amsa mata cewa abin da ya gani sata ce, domin marubucin ya kwashi jimloli daga Tacitus. Wannan bai ceci Hayward ba. A watan Yuli na 1600 aka kai shi Hasumiyar Landan, bai fito ba sai bayan rasuwar sarauniya.

6.0 Asabar da Lahadi

An saki Essex daga tsari a 1600, amma an hana shi zuwa fada. A kakar shekarar sarauniya ta ƙi sabunta masa haƙƙin karɓar kuɗin fito a kan giyar inabi mai zaƙi, wanda shi ne ginshiƙin arzikinsa, ga kuma bashi ya yi masa katutu. Gidansa ya zama matattarar fusatattun sojoji da sarakai matasa, cikinsu har da mai sarautar Southampton, wanda Shekisfiya ya sadaukar wa dogayen waƙoƙinsa biyu a 1593 da 1594. Shirinsu shi ne su kame fada, su kawar da Cecil da mutanensa daga jikin sarauniya, su sa a kira majalisa.

Masana sun yi saɓani a kan wasan Asabar. Blair Worden ya kawo ra'ayi a 2003 cewa wasa ne da aka gina a kan littafin Hayward. Paul Hammer ya mayar da martani a 2008 cewa na Shekisfiya ne, ya kuma nuna cewa ba a tsara fitowar Lahadi tun da farko ba: sammacin da majalisar mashawarta ta aika wa Essex a daren Asabar ne ya firgita su suka yi gaggawa. Wannan maƙala ta bi ra'ayin Hammer, domin ƙungiyar Shekisfiya ce ta yi wasan, kuma siffar tsohon wasa da aka daina yi ta dace da nasa. Idan haka ne, masu biyan sule arba'in sun fi neman ƙarfafa zukatan kansu da ganin cewa an taɓa yin irin abin da suke ƙullawa. Essex kansa bai halarta ba.

Da safiyar Lahadi sarauniya ta aika manyan jami'ai huɗu gidan Essex, cikinsu har da Mai Riƙe da Hatimi, Thomas Egerton, da Babban Alƙali, John Popham. Aka kulle su a ɗaki. Essex ya nufi cikin birni da mutum ɗari biyu zuwa uku, yana ihun cewa ana neman ransa, an kuma sayar da kambin Ingila ga Sifaniya. Mutanen da suka yi masa rakiya da addu'a shekara biyu da suka wuce suka fito ƙofofin gidajensu, suka kalla, ba su bi ba. Masu shela suka zaga suna ayyana shi maci amana. Aka tare shi a ƙofar Ludgate, ya koma gida ta kogi, ya miƙa wuya da dare. Ranar 25 ga Fabrairu aka sare kansa a Hasumiya, yana da shekara 35.

7.0 Wa Aka Hukunta, Wa Aka Ƙyale?

Ranar 18 ga Fabrairu aka yi wa Augustine Phillips, ɗaya daga cikin masu hannun jarin ƙungiyar, tambayoyi a ƙarƙashin rantsuwa. Ya faɗi yadda aka yi, aka sallame shi. Ranar 24 ga wata, jajibirin kisan Essex, ƙungiyar ta yi wasa a fada. Gelly Meyrick kuwa, wakilin gidan Essex, an lissafa wasan cikin laifuffukansa, aka rataye shi ranar 13 ga Maris. A bayanin hukuma da Bacon ya rubuta, an zarge shi da son ganin abin a kan dandamali kafin ubangidansa ya aikata shi a kan ƙasa.

Labari ɗaya ne, hukunci uku. Dalili na farko shi ne tsarin sana'ar: wasan na da lasisi tun da daɗewa, ƙungiyar na da ubangida a cikin majalisar mashawarta, kuma hujjar cewa kuɗi suka bi hujja ce da hukuma ke iya karɓa. Na biyu, Hayward ya liƙa sunan mutum mai rai a goshin labarin, a daidai lokacin da mutumin ke shirin riƙe babbar runduna. Masu tuhumarsa, a ƙarƙashin Babban Lauyan Gwamnati Edward Coke, sun matsa masa ne a kan dalilin zaɓen wannan labari a wannan lokaci. Meyrick kuma ya zaɓi rana. Ashe ma'anar siyasa ta aikin adabi tana tsirowa ne daga haɗuwar matani da lokaci da hannun da ya ɗauke shi.

Dalili na uku shi ne wanda wannan maƙala ta fi ba muhimmanci, wato ginin wasan kansa. Littafin tarihi murya ɗaya ce, ana iya kama mai ita a ce shi ya faɗa. A wasan kwaikwayo Gaunt na magana, Carlisle na magana, Richard da Bolingbroke na magana, babu wanda za a nuna a ce ga bakin marubuci. Ana iya cewa wannan dabarar tsira ce kawai, kuma lallai ta tsirar da su. Amma ta haifar da abin da ya fi tsira girma. Shekara da shekaru mutumin kwabo ɗaya yana tsaye a matsayin alƙali, ana baje masa hujjar sarki da ta mai tawaye, ana nuna masa abin da kowace ke jawowa. A watan Satumba na 1599 wani baƙo ɗan Suwizalan, Thomas Platter, ya kalli wasan Julius Kaisar a wannan unguwa, shi ma labarin kisan shugaba ne da yaƙin basasar da ya biyo baya. Ba za a ce wasanni ne suka hana mutanen Landan bin Essex ba, domin akwai tsoron hukuma, da biyayya ga sarauniya, da rashin tsarin tawayen kansa. Abin da za a iya cewa shi ne, darasin da dandamali ya daɗe yana maimaita musu ya haɗa da farashin tawaye, kuma mabiyan Essex rabin darasin suka ɗauka.

Ita ma sarauniya ta karanta labarin da kanta a ciki. An ruwaito cewa a watan Agusta na 1601, da mai kula da tsofaffin takardu William Lambarde ya kai mata jerin kundayen Hasumiya, ta iso kan zamanin Richard na Biyu, sai ta ce ai ita ce Richard ɗin. Ke nan mai mulki da mai tawaye da mai kallo duk madubi ɗaya suke dubawa.

8.0 Kammalawa

Mountjoy ya ci Tyrone da dakarun Sifaniya a Kinsale a ƙarshen 1601. Elizabat ta rasu ranar 24 ga Maris 1603, kwanaki kaɗan kafin Tyrone ya miƙa wuya a Mellifont. James ya hau karaga ba tare da zubar da jini ba, ta hanyar shirin da Cecil ya ƙulla a asirce, ya saki Southampton, ya kuma ɗauki ƙungiyar Shekisfiya a ƙarƙashin sunansa. Al'adar auna mulki a kan dandamali ta ci gaba: a 1624 wasan Thomas Middleton da ya yi wa Sifaniya zambo ya kwana tara ana nuna shi a Globe kafin a dakatar da shi, a watan Satumba na 1642 kuma, da yaƙin basasa ya ɓarke, Majalisar Dokoki ta rufe gidajen wasa baki ɗaya.

Maƙalar ta nuna cewa a ƙasar da doka ta rufe bakin jama'a a kan gado da yaƙi, tarihi ya zama harshen da ake magana da shi, dandamali kuma ya zama zauren da ake yin maganar. Ƙarfinsa ya dogara ne a kan adalcin da yake yi wa muryoyi masu gaba da juna, shi ya sa ya gagari wanda ya so mallake shi. Ga mai nazarin adabin wannan zamani, wajibi ne ya riƙa haɗa tambayar me wasan ya ce da wasu tambayoyi uku: wace rana aka nuna shi, wa ya biya, kuma wane ɓangare aka cire kafin ya shiga ɗab'i.